Ki Buɗe Baki Ki Faɗi Sunansa

Hausari, Maiduguri.

Dije,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaida Ummi. Ki gaida Hajiya Asabe da ta sauke ku a Agege, ki ce mata na gode, Allah ya bar zumunci. Allah ya tsare ku da sharrin hanya, da sharrin motocin Ikko, da sharrin duk mai mugun ido. Ni lafiyata ƙalau. Gwiwa ce kawai, ita kuma ba bana ta fara ba.

Rubutun nan nawa ne, kin san shi, layi ɗaya ya hau ɗaya ya gangara. Abin da na samo a ajin yaƙi da jahilci ke nan. Ban ba kowa ya rubuta mini ba, don maganar tsakanina da ke ce. Ban kuma kira ki a waya ba saboda na san halinki. To Inna, to Inna, sai ki fara jan hanci, sai ki ce ba sabis. Takarda ba ruwanta da sabis. Ki nemi wuri ki zauna ki karanta har ƙasa.

Malam Goni direba, mai kai bandar kifi Ikko, shi zai miƙa miki wannan tare da wata baƙar leda. Hotunan bikinki ne a ciki. Na same su a ƙarƙashin katifarki ranar da na ɗaga ta zan shanya. Hotunan da mijinki ya yi ta nanatawa a waya har na gaji da ji: kar a manta hotuna, a ofishin jakadanci za a tambaya. Kin ɗauki takalmin sallar Ummi, kin ɗauki yaji, kin ɗauki kuka da daddawa kamar Agege ba kasuwa, sai hotuna ne kika manta. Dije, ni na haife ki. Tun kina ƙarama ko allura ba ki taɓa mantawa ba.

Na kuma haɗu da Mama Chinyere mai shagon atamfa, ta ce kin ce ta ajiye ɗinkinta na Kirsimeti, ke za ki yi mata. Ta ce, "Mama Dije, ba kin ce 'yarki za ta tafi ba?" Na ce za ta tafi. Ta ce, "To ita ba ta san za ta tafi ba."

Saboda haka na gane abin da kike shirin yi. Bawan Allahn nan ya yi shekaru a Turai yana ɗaga tsofaffin mutane yana kwantarwa a gidan jinya, yana bin takardu ofis ofis don ke da 'yarsa ku je ku zauna tare da shi, zama na dindindin. Ummi tana cikinki ya tafi. Yarinyar nan ta iya karanta Fatiha, amma ubanta bai taɓa ɗaukar ta a kafaɗa ba, a gilashin waya ta san shi. Yanzu an kira ku ganawa ranar Talata, ke kuma so kike ki je ki tsaya a gabansu ki sunkuyar da kai, ki yi ta ƙunƙuni a cikin mayafi har su ce ba su yarda da auren ba, ki dawo ki ce mini Allah bai yi ba. Duk don kar ki bar tsohuwa ita kaɗai a Hausari. Kuma kin san ba wanda zai zarge ki, za a ce kunya ce ta 'yar mutunci.

To ni zan zarge ki. Na tsaya a gaban gilashin nan kafin ke, na san abin da kunya take yi a wurin.

Kina sakandare lokacin, labarin kika ji sama sama, yau ki ji shi daga bakina. Bayan rasuwar Malam mahaifinki, yayanki babba ya nema mini irin wannan takardar in je in zauna wurinsa. Aka kira ni Ikko. Na bi layi, aka karɓe waya, aka karɓe har 'yar kwalbar humrata da ke cikin jaka. Ciki sanyi kamar an buɗe firji an tura mutum. Da aka kira lambata na je gaban wata taga ta gilashi mai ɗan rami a ƙasa. A bayanta wata Baturiya ce, yarinya, ba ta kai ki yanzu ba. Ni kuma da tarbiyyata sai na durƙusa har ƙasa zan gaishe ta. Tagar tana sama, ni ina ƙasa. Yarinya ta duba ba ta ga kowa ba. Sai da ta miƙe tsaye ta leƙo tana neman inda tsohuwa ta shige. Mutanen da ke kan benci suna ta danne dariya. Wannan shi ne na farko: kar ki durƙusa. Ba surukarki ba ce. Ki tsaya a kan ƙafafunki inda za ta ga fuskarki.

Aka kawo tafinta, wani Basakkwace, daga bakinsa na gane. Aka sa na ɗaga hannu na yi rantsuwa zan faɗi gaskiya. Sai ya ce, "Hajiya, ta ce mi ne sunan ɗan naki da ya aiko a kai ki?"

Na ce, "Ai yana cikin takardar da ke hannunta."

Ya ce, "Ta sani. So take ta jiya daga bakinki."

Na ce, "Yayan su Dije ne."

Ya rage murya ya ce, "Hajiya, don girman Allah ki faɗi. Nan ba gida ba ne."

Na ce, "Kai ɗan gidan wa ne? Uwarka tana kiran sunan ɗan farinta a gaban mutane?"

Ya ce, "Wallahi ba ta kira. Amma ita ba ta zo neman biza ba."

Ban faɗa ba. Baturiya ta sake wata tambaya, ya juya ya ce, "Ta ce ke kika haife shi?" Dije, a duk rayuwata ba wanda ya taɓa duban idona ya yi mini wannan tambayar. Ɗan fari ne. Tun da aka yaye shi kakarsa, wadda muke ce wa Hajiya, ta ɗauke shi zuwa Fagge, can ya girma, in ya zo hutu ma ba na zama tabarma ɗaya da shi. In baƙuwa ta tambaya ɗan wa ne, abin da nake cewa guda ne, shi na faɗa a ranar. Na dubi ƙasa na ce, "Ɗan Hajiya ne."

Tafinta ya dube ni kamar zai yi kuka, amma shi ma ya yi rantsuwa, ya juya mata yadda na faɗa. Yarinya ta daina murmushi. Ta yi ta buga kwamfuta, sannan ta turo wata takarda ta ramin nan, wai sai an yi gwaji an tabbatar jinina ne. Ba ta yi mini laifi ba. An tambayi mace sunan ɗanta ta ƙi faɗa, an tambaye ta ko ita ta haife shi ta ce na wata ne. Ko ni ce a kujerar nan abin da zan rubuta ke nan. Su a wurinsu wanda ya kawar da ido ya rage murya, ƙarya yake yi. Mu a wurinmu shi ne mai ladabi. Ba za ki gyara su a safiya ɗaya ba, ba kuma shi ya kai ki ba. Abin da ya kai ki, ki karɓi haƙƙin 'yarki ki fito.

Wautata ba ta tsaya nan ba. Na dawo Maiduguri ina huci. Yayanki ya kira yana roƙo, "Inna, yawu ne fa kawai. Auduga za su goga a cikin kumatunki, shi ke nan." Na ce ni za a gwada? In je in hangame baki wani ƙato ya leƙa ya gaya mini ko ni na yi naƙuda? Na ce a bar takardar ta ruɓe. Unguwa ta ɗauka. Alhaji Babba, wan mahaifinku, ya zo har zaure yana buga sanda, "Kin yi daidai, kin nuna musu mu ba bayin kowa ba ne." Mata suna shigowa suna cewa kai, Innar Dije akwai zuciya. Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba. Yabon bai daɗe ba kowa ya koma gidansa ya ɗauki jikansa ya ɗora a cinya. Ni nawa jikokin suna can, sun yi tsawo sun wuce ubansu, ban taɓa shafa kan ko ɗaya ba. A waya su ce mini giranma, in ce na'am, su yi dariya, in yi dariya, hira ta ƙare.

Don haka in sun ce a gwada Ummi, ki buɗe mata baki, ke ma ki buɗe naki. Yawu ne. Kullum tofar da shi muke yi a kwata ba wanda ya ce mutuncinsa ya zube. In zuciya ta taso miki, ki tambayi kanki wa zai yi asara in kin yi fushi. Baturiyar nan ranar ta tashi aiki ta je ta ci abincinta, ko sunana ba ta riƙe ba.

Kin san daga baya na faɗi sunan? Ba a gaban kowa ba. Wata rana ya kira bayan la'asar, ina tankaɗen garin kajiji, na ɗauka na ce, "Kabiru." Na sake kira. Na ce, "Kabiru, kana ji na?" Ya ce, "Inna, wa ya rasu?" Na ce ba wanda ya rasu, sunanka ne na ga dama na kira. Ina jin numfashinsa a waya, ƙato da furfura a gemu. Sama ba ta faɗo ba, harshena bai guntule ba, na gama waya na ci gaba da tankaɗe. Abin da na kasa yi a lokacin da zai yi amfani, na zo na yi shi a banza a tsakar gida.

Kuma ba a Ikko na fara ba. Lokacin ciwon Malam, da muka kai shi asibiti, likita ya juyo ya tambaye ni, matarsa, yaya fitsarinsa, yana yawan tashi, akwai jini? Na sani sarai. Ni nake zubar da fo, ni nake wanke zanen gado. Amma Alhaji Babba yana tsaye a kaina, ga ƙannensa maza sun cika ɗakin. Sai na ja mayafi na ce ban sani ba. Aka ba shi maganin zazzaɓi muka dawo gida. Sai da ciwo ya ci ƙarfinsa aka gano inda yake. Ban ce ni na kashe shi ba, kwana ne ya ƙare, kar ki zauna kina yi mini kuka a kan wannan. Abin da nake gaya miki, wanda duk aikinsa ne ya tambaye ki, likita ne ko alƙali ko mai zama bayan gilashi, ki ba shi amsa ko duk dangin duniya suna tsaye. In sun ji kunya su fita waje.

Yanzu ke. Na san ba ki taɓa kiran sunan mijinki ba tun bayan sati biyun farko, kuma na san dalili. Kin zo gida kina amarya, wayarki ta yi ƙara, kika ɗauka kika kira shi da sunansa gatsau a gaban su Ya Kolo maƙwabciya, na sa bayan hannu na buge miki baki. Daga ranar ya koma "shi", ya koma "baban Ummi". Ni na koya miki, to ni na ce ki ajiye. Ranar Talata za a ce mene ne sunan mijinki. Ki faɗe shi duka, nasa da na ubansa da na kakansa, da ƙarfi yadda na bayan layi zai ji. Kar ki jira sai ranar. Harshen da ya yi shekaru bai furta abu ba yana sarƙewa. Daga yau duk sanda kika shiga banɗaki wanka ki yi ta kiran sunan har bakinki ya saba. In Hajiya Asabe ta ji ta ce ko aljanu ne, ki ce uwarki ce ta sa ki. Ni ba zan rubuta shi a nan ba, surukina ne, kuma ba ni za a tambaya ba.

Sai maganar Ummi, wannan ko mijinki bai tuna da ita ba. Yarinyar nan sunan uwar mijinki ta ci, shi ya sa ba mai kiran ta da shi. A takarda Falmata ce. Ita kanta ba ta sani ba. Rannan na gwada, tana wasa a bakin rijiya na ce Falmata, ko waiwayowa ba ta yi ba, sai Hajja Falmata mai ƙosai ce ta amsa daga waje. To ki duba: a kira yarinya da sunanta a gaban gilashi ta yi ta kallon fanka, a tambayi uwarta sunan 'yarta ta fara murza bakin mayafi. Me za su ce? Za su ce 'yar wani kika aro. Ki zaunar da ita ki gaya mata tana da suna biyu, na gida da na takarda. Ki yi ta kiran ta da shi, in ta amsa ki ba ta alewa. 'Yar fari ce, sunan surukarki ne, na sani, kunya biyu a wuri ɗaya. Haɗiye su duka.

Na ji kuma kafin ki tafi ƙanin mijinki ya kai ki wurin yaron nan mai shagon kwamfuta a Bulumkutu, wanda suke ce wa Ambasada. Ambasadan da ko Damaturu bai taɓa wucewa ba. Ni ma irinsa na je wa a lokacina, ya sa na haddace sunan titi da lambar gida da sunan kamfanin da yayanki yake aiki, ina ta bita a mota kamar mai tilawa, ba a tambaye ni ko ɗaya ba. Abin da aka tambaya, na san shi tun kafin a haifi mai shagon, shi ne na kasa faɗa. An ce ya ce ki cire lafaya ki sa siket da kwat, ki ce a jami'a kuka haɗu, wai Turawa sun fi son haka. Ke da ko ƙofar jami'a a keke napep kike wuce ta. In suka ce wane darasi kuka yi tare, ki ce me? Ƙarya ɗaya za su kama su rufe miki ƙofa har abada, ba ta bana kaɗai ba.

Ki sa lafayarki, mai ruwan zuma ɗin nan, ki daidaita ta yadda kunnuwanki za su ji magana. In an ce yaya kuka haɗu, ki faɗi yadda aka yi. Ya zo gidanmu sayen turaren wuta na bikin ƙanwarsa, ina ɗaki ina salla, ke kika auna masa. Washegari ya dawo wai bai isa ba. Ya sake dawowa wai an zubar. Ya yi ta dawowa har uwarsa ta aiko a tambaye ni ko wani abu nake sawa a turaren, don gidansu ya cika da kwalabe, ko kaji sun fara ƙamshi. Na ce ba a turaren abin yake ba, a mai aunawa yake. Wannan labarin Ambasada ba zai iya ƙirƙiro shi ba, kuma duk ta inda suka juya tambaya ba za ki ruɗe ba, don kina wurin aka yi.

Za su yi miki tambayoyin da a gida ko ƙawarki ba za ta yi miki ba. Wane abinci yake so, wane ɓangaren gado yake kwana, yaushe kuka yi magana ta ƙarshe, me kuka ce. Ba iskanci ba ne, so suke su gane ko auren na gaske ne, don akwai masu zuwa da auren haya. Ki ce burabisko yake so da miyar yakuwa, ba ya cin kifi duk da ɗan Barno ne. In yana minshari ki ce yana yi. Yana yi, ta katanga na sha ji lokacin da kuka zauna a ɗakin waje. Abin da ba ki sani ba ki ce ban sani ba, kai a sama, wannan daban yake da ban sani ba ta sunkuyar da kai. In ba ki gane Turancinta ba ki ce ta maimaita, ko a kawo tafinta, ba abin kunya ba ne, ita ma ba ta jin Hausa balle Barbarci. Ki dubi idonta. In ya yi miki nauyi ki dubi tsakanin girarta, ba za ta gane ba.

Kuma kar ki roƙa. Kar in ji an ce kin ce don Allah ku taimaka. Ba sadaka kika je karɓa ba. Mijinki ya bi dokarsu, ya yi musu aikin da 'ya'yansu ba sa so, dokar tasu ce ta ce matarsa da 'yarsa su zo. Mutum ce irinki a bayan gilashin nan, tana jin yunwa tana zuwa banɗaki. Ba ita ke raba arziki ba. Ki ba ta girmanta na mai aiki, ki riƙe naki.

Nan gida kuwa surutu ya fara tun motarku ba ta wuce Jimtilo ba. Alhaji Babba ya sa an kawo shi a keke, yanzu ko gani sosai ba ya yi amma bakin yana nan. Ya ce, "Kin ba da na fari, yanzu za ki ba da auta. Ƙasar da ba a jin kiran salla. Yarinyar nan Ummi za ta tashi ba ta san alƙibla ba."

Na ce, "Alhaji, ubanta yana can shekara da shekaru, ka ji an ce ya daina salla? Naka da ke Bulabulin, masallaci a ƙofar gidansa, yaushe rabon da a gan shi a sahu?"

Ya ce, "Ke dai bakinki ba ya mutuwa."

Na ce, "Da ya mutu ai kun ji daɗinsa. Ranar asibiti ya mutu, ranar Ikko ya mutu, ka zo ka yaba mini. Yanzu ya farfaɗo."

Ya kira mai keke ya tafi ko ruwa bai sha ba.

Ya Kolo kuma ta shigo da nata salon, a hankali, tana taya ni tsince farce na turare. Ta ce, "Ni ba ruwana, amma tsufa ya zo. Ran da kika faɗi a banɗaki wa zai ɗaga ki? Ran da ta Allah ta kasance wa zai rufe miki ido?" Na ce, "Ke mana. Katanga ɗaya ce tsakaninmu, tsegumi ma kina tsallako ta, balle mutuwa." Ta yi dariya har da hawaye, ta ce Allah ya shirye ni.

Na san wannan tambayar ta Ya Kolo ita ce a ranki, ita ta sa hotuna suka shiga ƙarƙashin katifa. To ki ji. Na zauna a garin nan lokacin da mutane suke ɗaure kaya suna gudu, ana rufe hanya tun rana tana sama, na kwana da ƙarar da ba na so in tuna, ban bar Hausari ba, ban kuma mutu ba. Ba rashinki ne zai kashe ni ba. In lokacina ya yi, ko kina riƙe da hannuna tafiya zan yi. Makara ba ta taɓa rasa masu ɗauka a unguwar nan ba. Amma in kika kashe aurenki a kaina, kika bar yarinyar nan ta girma tana sumbatar gilashin waya, to kin ɗora mini kayan da zan je kabari da su, ni kuma ban roƙe ki ba. Ban haife ki don ki zama sandata ba. Sanda tana nan a bayan ƙofa, ta Malam, har yanzu da ƙarfinta.

Kar ki ce ba zan ji kewa ba. Zan ji. Washegarin tafiyarku na dafa shinkafa na zuba a kwano uku kafin in tuna. Na mayar da biyu tukunya na ci nawa. Haka za a yi ta yi har hannu ya saba, ba wani abu ba ne.

In kin tsaya kin dubi idonsu kin faɗi gaskiya da baki buɗe, suka hana, to wannan daga Allah ne. Ki dawo, mu sake shiri, mijinki ya sake bugawa, ba za mu gaji ba sai sun gaji. Amma in kin je kin yi musu shiru da gangan, zan gane tun daga yadda za ki yi sallama a zaure, kuma ba zan ce miki sannu da hanya ba.

Don kar ki yi ta lissafin wa zai kula da Inna, na riga na gama wannan. Kin san Ya Bintu, matar nan ta Bama da mijinta ya rasu, wadda take taya ni dakan turare, take raɓe a shagon ɗan'uwanta ita da 'yarta budurwa. Na ba su ɗakinki. Na kira kafinta ya kwance gadonki, yana jingine a rumfa. Kekenki na ɗinki na lulluɓe shi na tura ƙarƙashin gadona, kayanki suna cikin akwati a ɗaure. Sun share, sun yi shafe, sun shigo ranar Juma'a. Ita take dafa na rana, ni na dare, 'yar tana ɗebo ruwa tana shafa mini man zafi a gwiwa, hannunta ma ya fi naki ƙarfi. Na ba su kalmata a gaban mai unguwa cewa ba mai tashin su, kin kuma san ba na janye magana.

Saboda haka in an buga miki biza kika zo sallama, a ɗakina za ki kwana, a tabarma, kamar kowace baƙuwa. Ba ki da ɗaki a Hausari, Dije. Ɗakinki yana wurin mijinki, ki je ki karɓi makullinsa ranar Talata.

Ki karya kumallo kafin ki fita, kar ki je da yunwa murya tana rawa. Ki yi alwala, ki karanta abin da kika iya, ki kama hannun 'yarki ki shiga da ƙafar dama. Allah ya tsare gabanki da bayanki, ya buɗe bakinki, ya sanyaya zuciyar wadda za ki tsaya a gabanta. Allah ya kai ku inda za ku lafiya, ya haɗa yarinyar nan da ubanta ina raye in ji labari. Na yafe miki duniya da lahira, ban da abu ɗaya, kin kuma san shi.

Wassalam.

Ni ce uwarki,
Inna.